Ram ɗin Mutumin Legas

Yayata ta yi ritaya daga aikin gwamnati tana mai buga takardu, amma yatsunta suka ƙi yin ritaya. Ba ta daɗe a gida ba ta jawo teburi ta kafa a lungun falonta a Badarawa, tsakanin firji da taga, ta ɗora kwamfuta a kai. Daga nan mutanen layi suka gane hanya. Katin biki, katin suna, furojet ɗin 'yan makaranta, takardar neman aiki, tsarin taron coci na maƙwabta, duk wurinta ake kawowa. Ba ta taɓa kafa allo a ƙofar gida ba, kuma ban taɓa zuwa na tarar da ita zaune haka nan ba. In ta tashi sai ta lulluɓe injin da wani tsohon mayafi, kamar wadda ta rufe ƙullu.

Ni ne autan ɗakinmu, kuma a sashen kwamfuta na wata ma'aikata nake aiki. Saboda haka duk wani abu mai waya a jiki a danginmu nawa ne, tun daga dutsen guga har rediyon mota. Na gaji da faɗin cewa ni ba mai gyaran fanka ba ne, ba wanda yake ji. Amma injin Yaya daban ne. Shi kam ba na jin nauyin zuwa dominsa, don in na je gidan ba na dawowa da yunwa.

Injin ya tsufa, wannan kowa ya sani. In rubutu ne zalla yana lallaɓawa. Amma yaran yanzu ba sa kawo furojet sai cike da hotuna da zane-zane, to a nan ne yake tsayawa cak. Yaya ta san halinsa: ta danna, ta tashi ta ɗora tukunya, ta dawo ta tarar yana nan yana tunani. Wata Asabar da damina ta kira ni ta ce, "Auta, zo ka ga abin nan. Yau ko sallama ba ya amsawa."

Na hau keke napep daga Unguwar Rimi na je. Na kwance murfin gefe, na share yanar gizon da ke ciki, ta gizo-gizon gaske, ba wadda ake shiga da data ba. Na duba ko'ina, ba abin da ya lalace. Na ce mata ram ne ya yi wa injin kaɗan.

"Ram kuma?" in ji ta. "Wa aka yi ram da shi?"

Na ce ta bar zolaya. Ram wani ɗan siririn allo ne da bai kai taƙi guda ba, ana soka shi a cikin inji. Shi ne tiren da kwamfuta take baza aikin da ke hannunta. In tiren ƙarami ne sai ta riƙa kwashewa tana zubawa, ƙaramin aiki ya cinye mata wuni. A ƙara mata babba, shi ke nan. Na ce aikin bai kai a ɗora shayi a sauke ba, zan nemo a kasuwa in kawo.

Da haka maganar za ta ƙare, ba don ɗanta na fari ba.

Yaya ta yi boko, ta yi aikin ofis, ta yi zama da kowace irin ƙabila a garin nan, amma a wajen kunyar ɗan fari ko matan ƙauyenmu ba su kama ƙafarta ba. Ana yaye shi aka kai wa mahaifiyarmu, Inna, a Hayin Banki. A can ya tashi tare da ni, tsakaninmu 'yan shekaru ne, tabarma ɗaya, kwano ɗaya. Yaya yake ce mata kamar yadda muke cewa, kuma ya yi wayo sosai kafin ya san ita ta haife shi. Tunda nake ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Da yana yaro "ɗan gidan Inna" take cewa. Da ya sami aiki a banki aka tura shi kudu sai ya koma "mutumin Legas". In ya durƙusa yana gaishe ta, bango take amsa wa. In tana so ya ci abinci, wani na kusa za ta ce wa ya gaya masa. Ƙannensa kuwa ta yi musu faɗa, ta yi dariya da su, ta ja kunnen wannan, ta tsokani wancan, shi yana gefe yana kallo.

Lokacin da Inna take da rai abin bai dame shi ba, yana da uwa. Da ta rasu ne ya waiga ya ga ba mai kiran sunansa da irin wannan muryar. Ya soma aike. In ya aiko kuɗi Yaya ta raba wa ƙannensa. In ya aiko atamfa, bayan sati biyu a gan ta a jikin wata gwaggo. A wurinta haka ya kamata, uwa ba ta nuna zumuɗi da abin ɗan fari. A wurinsa kuwa mayar masa da hannu ake yi. Ya taɓa ce min muna zaune a mota, "Kawu, ni fa ban sani ba ko kunyar ce ko kuwa da gaske ba ta damu ba." Tausayi yake ba ni, ita ma tausayi take ba ni, kuma a gaskiya su duka biyun haushi suke ba ni.

A ranar nan da na bar Badarawa na shiga gurup ɗin gida a waya na yi tsokana, na ce injin Yaya ya kai shekarun fansho shi ma, sai an ƙara masa ram. Ban sauka daga keke ba ya kira.

"Kawu, me ake buƙata?"

Na ce ram ne kawai, ba wani abu ba.

"Ka bar min wannan. Don Allah kada ka saya."

Na ce to ya dakata in isa gida in turo masa irin wanda injin yake ɗauka, don ba kowanne ba ne yake shiga. Ya ce to. Ashe bai dakata ba. Ya tura wa Yaya saƙo ta ɗauko masa hoton bayan injin, ita kuwa ina za ta amsa saƙon ɗan fari? Da ya ji shiru sai ya faɗa kasuwar 'yan kwamfuta ta can, ya ce a ba shi wanda ya fi kowanne kyau da gudu, na mahaifiyarsa ne. Kafin bayanina ya isa gare shi har ya kai tasha ya ba direba. Ya karanta ya ce min kada in damu, mai shagon ya tabbatar masa wannan ba injin da zai ƙi shi.

Ranar Talata saƙon ya iso tashar Kawo. Abin da ya fara ba ni mamaki, Yaya da kanta ta je karɓowa. Matar da ko kati na waya aike take yi. Da na tambaya ta ce dama za ta kasuwa ne sayen daddawa, ta ga hanya ɗaya ce. Na ce haka ne. Ban ga daddawar ba.

Na tashi daga ofis na wuce gidan. Na tarar da maƙwabciyarta a falo, wata malamar firamare 'yar kudancin Kaduna, wadda katanga ɗaya ta raba su shekara da shekaru. Ta kawo tsarin bikin godiyar kaka na cocinsu a buga mata. Saƙon yana kan teburi kusa da injin, ba a buɗe ba, an ma ɗora shi a kan hankici. Wannan ne karo na farko da na ga abin mutumin Legas ya kwana a hannun Yaya ba ta nemi wanda za ta ba ba.

Na yanke salatif na buɗe. Guda biyu ne, baƙaƙe, kowanne da rigar ƙarfe, sai sheƙi suke yi. Ina ganin rubutun jikin kwalin na san akwai matsala.

Shi ram zubi-zubi ne. Injin Yaya zubi na uku yake ɗauka, wannan kuwa na huɗu ne. A gindin kowane ram akwai wata 'yar tsaga, a cikin ramin da ake soka shi kuma akwai ɗan tudu, sai sun yi daidai yake zama. Masu ƙerawa da gangan suka gusar da tsagar daga zubi zuwa zubi, don kada mai ƙarfin hali ya tura abin da zai ƙone masa inji. Na san ba zai shiga ba, amma saboda idon da Yaya ta zuba min sai na ɗora shi a bakin ramin na nuna mata. Tsagar tana nan, tudun yana can.

"Juya shi," in ji ta.

Na juya. Ya ƙara nisa.

Malama ta leƙo ta ce, "Injiniya, wannan ɗan abin? A kawo abin goge farce a ɗan faɗaɗa shi mana."

Na ce ko an goge an tura da guduma ba zai yi ba. Matsalar ba ta tsaya a tsaga ba. Akwai firosesa, shi ne mai yin lissafin duka, kuma kowane firosesa yana da irin ram ɗin da ya sani da iyakar gudun da zai iya bi. Na Yaya tsoho ne, bai taɓa jin labarin wannan ba. Sannan ga babban allon da komai yake zaune a kai, wanda muke kira madabod, shi ma ba a yi shi don wannan ba.

Yaya ta yi shekaru tana buga Turanci, ta san abin da rabin farko na sunan yake nufi, wato uwa. Ta harare ni ta ce, "Kada ka soma." Ni kuwa wallahi ban nufi komai ba, sai da ta faɗa ma na lura.

Na ce abin mai sauƙi ne. A mayar masa ya canzo, ko kuma in shiga cikin gari gobe in ba masu shago wannan su ba ni wanda ya dace, har da ciko ma sai sun yi mana.

"Ba inda za shi," in ji Yaya. "Kuma kada ka gaya masa."

"To in ya tambaye ni fa?"

"Ka ce ya iso."

Malama ta tafa hannu. "Hajiya, ke dai kina da abin mamaki. Ki ɗau waya ki ce, ɗana na gode, amma bai shiga ba. Mene ne a ciki? Ni nawa na fari da gemunsa, in ya zo a cinyata yake ɗora kai."

"Malama, ku naku daban ne," in ji Yaya, tana naɗe kwalin a cikin hankici.

"Daban ina? Ba ciki ɗaya muka yi wata tara ba?"

Yaya ta yi dariya. Ta shige ɗaki da ƙunshin, muka ji ƙarar ƙofar wadirob. Na mayar da tsohon ram ɗin na ɗaure murfi ina ta ƙunƙuni. Raina ya ɓaci sosai a ranar. Ga aiki ya taru mata, ga maganin matsalar a cikin gari, amma an zaɓi a kulle abu a wadirob kamar gwal.

Da yamma ya kira. "Kawu, ya shiga?" Na ce ya iso lafiya, muna kan aiki. Ya sake kira bayan kwana biyu, na ce aiki ya yi min yawa a ofis. Muryarsa ta sauya. Ya ce, "Ko shi ma an bayar ne?" Na rantse masa ba a bayar ba. Na ji bai yarda ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Ana nan sai Yaya ta aiko in zo. Na tarar ta idar da la'asar tana zaune a kan darduma, ƙunshin yana gefenta. Ba ta yi dogon zance ba.

"Auta, wane irin inji ne abin nan yake shiga?"

Na ce sabo. Sai an canza madabod, an canza firosesa. Kusan duk cikin injin ke nan, abin da zai rage daga gwangwanin sai ma'ajiyar takardunta.

"To a canza."

Na ce, "Yaya, don an kawo miki murfi sai ki fita neman tukunya?"

Ta ce in ba zan yi ba in faɗa, akwai masu yi a gari.

Na zauna na yi mata bayani tsakani da Allah, don na san abin da za ta rasa. Tsohon tsarin da ta saba da shi ba zai hau sabon inji ba. Komai zai canza wuri. Maɓallan da ta shirya wa kanta na haruffa masu lanƙwasa, waɗanda take buga ƙ da ɗ da ɓ ba tare da ta kalli hannunta ba, sai an sake su daga farko. Ita da take alfahari ba mai kawo mata katin biki ya ga an rubuta masa "karamar" a wurin "ƙaramar". Ga tsofaffin zanen katunanta, wasu ba lallai su buɗe yadda suke ba. Na ce a shekarunta ba ƙaramin abu ba ne mutum ya koma ɗan koyo a kan sana'arsa.

Ta ce da tafireta mai ƙara ta fara, ta koma mai lantarki, ta koma wannan, ba wanda ya kashe ta.

Na koma ofis na yi abin da na iya. Lokacin hutun azahar na zauna ina bin bayanan firosesa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne masu shi sun rubuta iyakar gudun ram ɗin da yake ɗauka. A jikin kwalin mutumin Legas an rubuta dubu uku da ɗari biyu. Na sami wani firosesa madaidaici, mai sauƙin samu, wanda yake karɓar zubi na huɗu, sai dai iyakarsa ba ta kai nan ba. Na sami wani kuma na gaba da shi, wanda yake kaiwa daidai, amma ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ga mai buga katin suna, na farkon ma ya yi yawa. Na yanke hukunci na tafi Badarawa da murnata, ina ganin na rage mata asara.

Na ce, "Na samo. Wannan zai karɓe shi lafiya lau. Abu ɗaya ne, zai ɗan rage masa gudu, amma wallahi ba za ki taɓa ganewa ba."

"Rage masa kamar yaya?"

Na ce haka suke. In ram ya fi firosesa sauri, sai ya sauko ya bi tafiyar firosesan.

"Lalacewa yake yi?"

"A'a. Haƙuri kawai yake yi."

Ta juya tana kallon taga. Ruwa ya ɗauke, yara suna wasa a kwatar layi. Na ɗauka ta yarda, har na soma maganar ranar da zan shiga kasuwa. Sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Haƙurin ya isa haka. Nemo wanda zai bar shi ya yi gudunsa."

Na buɗe baki zan kawo maganar tsada, na rufe. Tun ina yaro nake jiran in ji Yaya ta faɗi wani abu a kan yaron nan, ko yabo ko zagi. Ranar da ta faɗa, a kan ɗan guntun ƙarfe ta faɗa, kuma taga take kallo. Idona ya ciko, na sunkuya ina gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Na ce to, Yaya.

Ban tambaye ta inda ta samo abin sayen ba, ita ma ba ta faɗa ba. Na shiga gari na zaɓo da hannuna. Sharaɗinta ɗaya, a cikin tsohon gwangwanin za a haɗa, kada wanda ya shigo falo ya ga an canza wani abu. Na baje kayan a kan tabarma ranar wata Asabar da safe. Na kwance tsohon allon, na ɗaura sabo, na zaunar da firosesa, na shafa masa man sanyaya, na ɗora fanka. Da aka zo kan ram sai ta tashi ta ɗauko ƙunshin da kanta ta kwance. Na ɗora na farko, tsaga ta hau tudu daidai, na danna gefe da gefe ya ce ƙas. Na biyu ma haka. Ta ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan.

Na kunna, na shiga wurin saitin inji na duba. Ta ce in nuna mata. Na sa yatsa a kan lambar. Ta ɗauko tabarau, ta ɗauko kwalin, ta kalli wannan ta kalli wancan. Dubu uku da ɗari biyu a nan, dubu uku da ɗari biyu a can. Ta ce, "Madalla," ta tafi duba girki.

Abin da na faɗa mata kuwa bai fasa faruwa ba. Injin yana tashi kafin ta gyara zama, amma ita ta koma baya. Matar da take bugu tana hira sai ga ta tana laluben inda aka kai abu kaza. Ina tsakiyar aiki a ofis za ta kira, "Auta, ina suka ɓoye wurin sa layi a gefen kati?" Haruffa masu lanƙwasa sai da muka sake shirya su, yatsunta kuma suka yi ta zuwa tsohon wuri. Wani ɗalibi ya gaji da jira ya kwashe furojet ɗinsa ya kai wani shago a bakin titi, abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ba a taɓa yi mata haka ba. Malama ce ma take zuwa ta zauna kusa da ita tana karanto mata rubutu don a yi sauri, tana yi tana tsiya: "Hajiya, injin ya zama saurayi, ke kin zama 'yar aji ɗaya." Ko sau ɗaya ban ji Yaya ta ce da ta sani ba.

Na kira mutumin Legas na ce ram ya hau, inji yana gudu. Ya ce alhamdu lillahi, amma a sanyaye, irin ta wanda yake zaton ana lallashinsa ne.

Bayan damina ya zo Kaduna ɗaurin auren wani abokinsa. Ya biyo ta Unguwar Rimi ya ɗauke ni muka tafi gaishe ta. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bakin kafet. Ta amsa tana gyara labule, ta tambaye ni ko hanya lafiya, kamar ni na yi tafiyar. Sannan ta shige kicin.

Ya ɗan zauna, idonsa yana kan teburin lungu. Can ya tashi ya ɗage mayafin ya danna. Kafin ya ja kujera injin ya tashi. Na ga fuskarsa ta saki. Ya leƙa ta ramukan iska na gefe, ya hango baƙaƙen nan biyu a tsaye, ya yi murmushi irin wanda rabon da in gani tun muna Hayin Banki. Sai ƙafarsa ta taɓa wani kwali a ƙarƙashin teburin. Ya jawo. Tsohon madabod ne a ciki, da tsohon firosesa da fankarsa, Yaya ta hana a zubar.

Ba masanin kwamfuta ba ne, amma ba yaro ba ne. Ya kalli kwalin, ya kalli injin, ya kalle ni.

"Kawu, wannan fa?"

Na ga ba amfanin kwana-kwana. Na ce abin da ya aiko bai shiga tsohon ba, shi ne aka canza cikin injin.

Murmushin ya ɓace. Ya rage murya don kada a ji a kicin. "Da an gaya min ai da na canzo. Kwana nawa ne? Sai a bar ni ina ta murna ashe wahala na aiko mata? Ko wannan ma ba za a iya faɗa min ba, Kawu? Ni har yaushe zan zama baƙo a gidan nan?"

Na ce ya zauna. Na ce na kawo shawarar a canzo, ta ƙi. Na kawo shawarar a musanya a gari, ta ƙi. Wanda ya zaɓa da hannunsa take so, ba wani ba. Na gaya masa yadda ta koma 'yar koyo, da ɗalibin da ya kwashe aikinsa. Sannan na gaya masa maganar firosesa biyun, da abin da na ce game da rage gudu, da amsar da ta ba ni. Ban ƙara ko kalma ba, yadda ta faɗa haka na faɗa masa.

Na miƙa hannu na sake kunna injin na shiga wurin saiti, na nuna masa lambar. Ya daɗe yana kallonta. Ya cire hularsa ya riƙe, ya mayar, ya sake cirewa.

Yaya ta shigo da tire, shinkafa da wake da mai da yaji, abin da ba ta dafawa sai in shi zai zo, ko da yake ba za ta taɓa yarda da haka ba. Ta ajiye a gabana ta ce, "Auta, ka ce wa baƙonka kada ya huce." Ta juya za ta fita.

Ya share fuska da hular. Bai kalle ta ba, ni ya kalla, amma ya ɗaga murya yadda za ta kai bakin ƙofa.

"Kawu, ka ce mata na ga gudun."

Ta tsaya, hannunta a kan labule, ta ba mu baya. Na ɗauka wucewa za ta yi.

"Ka ce masa na ji," in ji ta, da wata murya da ba tata ba.

Ta fita. Muka ji ta buɗe famfo a kicin, ruwa yana ta zuba, alhali ba ta da abin wankewa. Ban isar da saƙon kowa ba, duk sun ji. Na tura masa tiren na ce ya ci, ya sunkuyar da kai ya sa hannu.